Cinikin Biri a Sama

Tun daga 1912, lokacin da jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa a Kano, manomin ƙasar nan ya san cewa ba a gona kaɗai ake shan guminsa ba, har da gaban sikeli. Shi ya noma, shi ya cire, shi ya ɓare, shi ya ɗoro wa jaki, amma wanda ya iya karanta lambar sikeli shi ke faɗin nauyin buhu, shi ne kuma ke yanke abin da za a biya. Manomi ba shi da ta cewa, domin ba a koya masa harshen ma'auni ba. Yau ga mu nan jikokinsa, wasu a jami'a, wasu a ofisoshin gwamnati, ana kiranmu masu ilmin zamani, amma akwai wata kasuwa da muke ci kullum safe da yamma wadda a cikinta ake so matsayinmu da nasa ya zama ɗaya. Kasuwar nan ita ce ta intanet, sikelinta kuwa shi ne 'yan haruffan nan huɗu da ake rubutawa a allunan talla, watau Mbps.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne gardamar da ta cika ɗakunan kwananmu da teburan masu shayi tun Janairun 2023, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Starlink ya fara aiki a cikinta. Wani ɓangare na cewa kwanan hasumiyar sadarwa ya ƙare, tauraron ɗan'adam shi ne magani. Ɗaya ɓangaren na cewa 5G ta gama magana. Kowa na jefa wa ɗan'uwansa lambobi, wannan ya ce 100, wancan ya ce 200, wani ya taso ya ce 1,000. In ka tsayar da mai gardama ka ce masa, "Ɗari na me?" sai ka ga ya fara sosa ƙeya. To, mu a wannan shafi ba dillalan kowane kamfani ba ne. Abin da muke ƙi shi ne a sayar mana da biri yana bisa itace, mu kuma mu riƙa faɗa da juna a kan tsawon wutsiyarsa.

Bari mu fara daga tushe, domin tushen ba shi da wuya, ɓoye shi kawai aka yi a cikin turanci. Duk abin da ke bi ta intanet, rubutu ne, murya ce ko hoto, ana mayar da shi jerin alamomi biyu, 0 da 1. Kowace alama ɗaya ita ake kira bit, sunan da ya bazu tun daga takardar da masanin lissafin nan na Amurka, Claude Shannon, ya wallafa a 1948. In aka haɗa bit 8 sun zama bayit ɗaya, kimanin abin da harafi ɗaya na boko ke ci. Miliyan ɗaya na bit shi ne megabit, miliyan ɗaya na bayit shi ne megabayit. A rubuce, bambancinsu bai wuce girman harafi ɗaya ba: ƙaramin b na bit ne, babban B na bayit. Amma wannan ɗan bambanci ninki takwas ne cif. Mbps na nufin megabit a kowace daƙiƙa, da shi ake auna gudun layi. MB da GB kuwa megabayit ne da gigabayit, da su ake auna girman littafin da ka sauke, da su ne kuma ake sayar maka da data.

Ga inda gizo ke saƙa. Kamfani zai tallata maka gudu da bit, inda lamba ke fitowa ƙatuwa, sa'an nan ya caje ka kuɗi da bayit. Layin da aka ce yana gudun 100 Mbps, ko da ya cika alkawarinsa har ƙarshe, abin da zai iya kawo maka a daƙiƙa ɗaya bai wuce megabayit 12.5 ba. Layin 10 Mbps kuwa megabayit 1.25 ne. Gigabayit ɗaya megabit 8,000 ne, saboda haka a kan layin 10 Mbps saukar da shi zai ci daƙiƙa 800, watau minti 13 da 'yan kai, ba daƙiƙa 100 ba kamar yadda mai gaggawar lissafi zai zata. Haka nan ruɗin ke juyawa ta ɗaya fuskar. Ɗalibi zai ga wayarsa na nuna tana saukar da abu a 5 MB cikin daƙiƙa, ya raina, ya ce ai na abokinsa 20 Mbps ne, alhali kuwa nasa 40 Mbps ne, ya ninka na abokin sau biyu. Akwai ma wata ƙaramar rigima a gefe, ta ko gigabayit megabayit 1,000 ne ko 1,024, amma wannan ƙura ce in aka gwada ta da ninki takwas.

Adalci ya sa mu faɗa cewa ba 'yan kasuwa suka ƙago auna layi da bit ba. Injiniyoyi sun daɗe suna yin haka tun kafin a haifi kamfanonin da muke hulɗa da su yau, domin a kan waya bit ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. To amma mai sayarwa da ya san mai saye na ruɗa tiya da rabin tiya, ya yi shiru domin ruɗin na amfaninsa, me za mu kira shi? A kasuwar hatsi sunansa mai tauye mudu, kuma ba mu ga dalilin da zai sa ya sami wani suna mai daɗi ba don kawai ya ɗaura lakatayi.

Mu tuna da abin da ya faru a ƙasar nan da aka canza kuɗi. Ranar 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Kafin ranar, sai da gwamnati ta bi rediyo da jaridu da kasuwanni tana koya wa jama'a cewa fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kwabo goma. Haka aka yi a 1972 da aka mayar da tuƙi hannun dama. An fahimci cewa in ma'auni ya sake, wajibi ne a koya wa talaka, in ba haka ba masu wayo su cinye shi. Daga 2001 da aka kawo wayar salula zuwa yau, wani sabon ma'auni ya shiga aljihun mai faskare da mai dako da malamin firamare, suna biyansa da kuɗin cefane, amma wa ya zauna ya bayyana musu da Hausa abin da megabayit yake? Tallar turanci ta zo da lambar da ba a fassara ba, tallar Hausa kuwa ba ta ma wahalar da kanta da lamba ba, sai kirari da kiɗa.

Harafin G ma an mai da shi abin wasa da hankali. G ɗin da ke cikin 4G da 5G ba ma'aunin gudu ba ne ko kaɗan, zubi yake nufi, watau zubi na huɗu da na biyar na fasahar wayar salula. G ɗin da ke cikin GB gigabayit ne. Akwai kuma na uku: akwatin Wi-Fi da yawa na nuna suna mai 5G a ƙarshe, wanda ke nufin zangon rediyo na gigahaz 5, ba shi da dangantaka da 5G ta kamfanonin waya. Sau nawa aka ruɗi mutum da wannan a kanti? Haka nan sandunan nan huɗu ko biyar da ke saman fuskar waya, ƙarfin siginar da ke tsakaninka da hasumiya kawai suke nunawa, ba su san kome ba game da abin da ke bayan hasumiyar. A tsakiyar Maris na 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane sun ga sanduna cike fal a wayoyinsu, amma aika kuɗi ta banki ya gagara. Hasumiya bakin famfo ce kurum. Bututun yana can baya, zaren gilashi ne da ya ratsa daji da kwalbatoci, mafi yawansa har zuwa Ikko inda igiyoyin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano ta 2022 suka sauka. Duk inda mai haƙa hanya ya tsinke zaren, ko man janareto ya ƙare a gindin hasumiya, lambar da ke allon talla ba ta tsinana maka kome.

Daga nan sai mu zo kan kalmomi biyu da suka fi kowace lamba muhimmanci, waɗanda ake rubutawa da ƙananan haruffa: "har zuwa". Gudu har zuwa kaza. Direban da ya ce maka motarsa na iya gudu har zuwa kilomita 200 a awa bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka ƙarfe nawa za ka isa Zariya ranar jajibirin salla ba. Hasumiya ɗaya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma rabawa take yi tsakanin duk wayoyin da suka rataya a kanta. Da asuba, sa'ad da gari ke barci, sai ka ga gudu kamar ba gobe. Da ƙarfe tara na dare, sa'ad da dubban ɗalibai suka dawo ɗaki kowa ya buɗe waya, sai layin ya koma tafiyar hawainiya. Kada masu kirarin tauraro su yi murna, domin sama ma tana cika. Kowane yanki na ƙasa yana da rabonsa na abin da taurarin da ke wucewa bisansa za su iya ɗauka. A ƙarshen 2024 sai da Starlink ya dakatar da karɓar sababbin masu saye na gida a Ikko da Abuja, saboda masu amfani sun kai iyakar abin da ke akwai.

Mu ɗauki misalin da ya shafe mu kai tsaye, domin babu zaɓen ƙungiyar ɗalibai da za a yi a zamanin nan ba a ji ɗan takara ya yi alkawarin intanet kyauta a ɗakunan kwana ba. A ce an kafa faranti ɗaya a kan rufin gini, a ce kuma ya yi ƙoƙari yana kawo 200 Mbps. In ɗalibai 400 suka hau a lokaci ɗaya, rabon kowa rabin megabit ne a daƙiƙa, watau kimanin kilobayit 62. Littafi ɗaya mai megabayit 50 zai ci fiye da minti 13 kafin ya sauka. Gaskiya ne ba kowa ke jan kaya a daƙiƙa guda ba, shi ya sa rabo kan fi haka a aikace, amma daren da ake rufe rajista ko makon jarrabawa, lissafin nan shi ne zai yi hukunci. Ɗan takarar da ya ce zai kawo 200 bai gaya mana kome ba sai ya faɗi mutum nawa za su ci a akushin.

Akwai wani ma'auni kuma da ba a cika sa shi a allo ba, alhali shi ne ainihin abin da ya raba tauraro da tauraro. Shi ne jinkiri, watau lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya komo, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mbps na gaya maka girman motar da ke ɗauko kaya ne, jinkiri kuwa na gaya maka tsawon tafiyar. Tirela ta fi babur ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma in tambaya ɗaya za ka aika a kawo maka amsa, girman tirela ba ya ƙara maka kome. Taurarin sadarwa na tsohon tsari, irin namu NigComSat-1R da aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011 domin ya maye gurbin na farko da ya mutu a 2008 bayan wata 18 kacal, suna zaune ne a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Tambayarka za ta hau, ta sauka a tashar ƙasa, amsa ta hau, ta sauko gare ka, tafiya huɗu ke nan, fiye da kilomita 143,000. Haske kansa, wanda babu abin da ya fi shi sauri, kilomita 300,000 yake yi a daƙiƙa, saboda haka kusan rabin daƙiƙa ta tafi kafin a yi maganar wani cikas. Babu kuɗin da zai rage wannan, babu ministan da zai sa hannu ya soke shi. Taurarin Starlink kuwa suna shawagi ne a kimanin kilomita 550, shi ya sa jinkirinsu kan tsaya a 'yan gomiyoyin milisakan, kusa da na 4G mai lafiya. Ashe ke nan wanda ya ce "tauraro" ya yi shiru bai gama magana ba. Layi biyu na iya zama duka 20 Mbps, ɗaya a yi darasi ta bidiyo a kansa lafiya lau, ɗayan kuwa malami da ɗalibi su yi ta katse juna kamar masu rigima.

Haka kuma lambar da ake tallatawa ta saukewa ce, ta abin da ke zuwa gare ka. Ta ɗorawa, watau abin da kai kake aikawa, kusan kullum ta fi ta ƙanƙanta ƙwarai, a hasumiya da tauraro duka. An gina kasuwar ne bisa zaton cewa mu 'yan kallo ne, aikinmu mu zauna a zuba mana. Amma ɗalibin da zai aika kundin bincikensa kafin sha biyun dare, da ma'aikacin da zai tura rahoto hedikwata, da mai neman aikin da za a yi wa tambayoyi ta bidiyo, duk da lambar ɗorawa suke rayuwa, ita ce kuma ba a faɗa musu ba.

Wani zai ce, to ai gudu ko yaya yake alheri ne. Ba a kullum ba, in dai da awo ake sayar maka da data. Layin da ke gudun 20 Mbps, in aka sake masa linzami, zai cinye gigabayit ɗaya cikin minti 6 da daƙiƙa 40. Girman littafi ba ya canzawa don layi ya yi sauri, amma manhajojin bidiyo suna da wata ɗabi'a: da sun ga hanya ta buɗe sai su ƙara kyan hoto da kansu, su ninka abin da suke ja ba tare da sun yi maka sallama ba. Wannan na daga cikin dalilan kukan nan da ake yi ko'ina cewa data ba ta daɗewa. An ba ka famfo mai ƙarfi, an bar ka da ɗan tulun da ka saba.

Game da kuɗi kuwa, nan ne kirarin tauraro ke yin sanyi. A Oktoba 2024 Starlink ya nemi ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce ba da yawunta ba, sa'an nan aka ja da baya a lokacin. A watan Yuli na 2024 ne aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ɗalibin da ya ci bashin karatu na gwamnatin tarayya kuwa naira 20,000 aka yanka masa a wata domin ci da sha. Ba a yi maganar kuɗin farantin kansa ba, wanda ya kai dubban ɗaruruwa, ba a yi ta wutar da zai ci dare da rana ba, ba a yi ta ruwan sama mai ƙarfi da kan raunana siginarsa a tsakiyar damina ba. Duk da haka ba za mu ƙi gaskiya ba: ga asibitin ƙauye ko makarantar da zaren gilashi bai kai ba, kuma babu alamar zai kai, faranti ɗaya da hasken rana na iya zama bambanci tsakanin samu da rashi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a mai da maganin ƙauyen da aka yi watsi da shi hujjar ci gaba da watsi da shi, kuɗinmu kuma na fita waje kowane wata. Su ma na ƙasa ba waliyyai ba ne. A Disamba 2021 MTN da Mafab kowanne ya ci gwanjon zangon 5G a kan dala miliyan 273.6. Zangon nan dukiyar jama'a ce, an saye shi da dala, daga aljihunmu kuma ake fanshe shi da naira.

Gwamnati da kanta ta rubuta alkawari da wannan ma'auni. Shirin ƙasa na 2013 zuwa 2018 ya ɗauki 1.5 Mbps a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira intanet mai faɗi. Shirin 2020 zuwa 2025 ya ɗaga buri: aƙalla 25 Mbps a birni, 10 Mbps a karkara, ya kai ga kashi 90 cikin 100 na jama'a, gigabayit ɗaya kuma kada ya wuce naira 390. A Janairun 2025, shekarar da aka ɗibar wa alkawarin, sai NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Lura da kalmar da shirin ya yi amfani da ita, "aƙalla", kishiyar "har zuwa". To wa ya je ƙauyukanmu da ƙarfe tara na dare ya auna ya ga ko goman nan ta samu? Alkawarin da jama'a ba su san ma'auninsa ba, ba mai ranar tambayarsa.

Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu fita, kuna zaune a ofisoshin saye da ba da kwangila, ta hannunku takardun nan ke bi. In ɗan kwangila ya rubuta "100 MB" a takardar kawo intanet ga makaranta ko sakatariya, ku mayar masa, domin wannan girman kaya ne, ba gudu ba. A rubuta kalmar a cike, megabit a daƙiƙa, a rubuta na saukewa daban, na ɗorawa daban. A bayyana ko layin na ofishin ne shi kaɗai ko kuwa na tarayya ne da wasu, domin farashinsu ba ɗaya ba ne, kuma ta wannan ƙofa ake biyan kuɗin doki a kawo jaki. A sa mafi ƙarancin gudun da kamfani ya lamunta a lokacin cunkoso, da abin da za a rage masa in ya kasa. Ba sai mutum ya karanta injiniya zai iya wannan ba, raba lamba da takwas ne da ƙin sa hannu a kan abin da ba a fayyace ba.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuwa, kafin a taɓa kwabo ɗaya na kuɗin ɗalibai a sayi faranti ko a ƙulla yarjejeniya da wani kamfani, muna neman a ware mako guda na awo. A zaɓi ɗalibai daga kowane ɗakin kwana da ɗakin karatu, su gwada layukan da ke hannunsu da manhajar awon gudu sau uku a yini, da asuba, da azahar, da ƙarfe tara na dare, su rubuta saukewa da ɗorawa da jinkiri. Duk mai son sayar mana da faranti ya kawo shi a gwada a makon nan, ɗalibai na kansa kamar yadda za su kasance in an saya, ba a ofishin shugaba shi kaɗai ba. A buga sakamakon a wannan mujalla, gini bayan gini, kowa ya gani. Awon kansa yana cin data, a kan layi mai sauri gwaji ɗaya na iya lashe megabayit masu yawa, saboda haka ƙungiya ce za ta biya wa masu awon daga asusunta.